Hujin Bawul

Kwandastan ya miƙa hannu zai karɓi ƙafar keken ya jefa ta a but ɗin motar, Safara'u ta riƙe ta gam.

"Bar ta a hannuna."

"Hajiya, ai wannan fasinja guda ce. Ko ita ma kujera za mu ba ta?"

'Yan cikin bas ɗin suka yi dariya. Ta kutsa kujerar baya, ta ɗora ƙafar keken a cinyarta, ta ja gefen hijabinta ta rufe wurin da hujin yake. Ko da an gani, babu wanda zai gane komai a motar nan. Ita ce ba ta son ganinsa.

Ranar kasuwar Tsanyawa ce, motar na tafe tana tsayawa, domin a wannan yankin ba a yin minti biyu ba a ga wani gida ba. Gida, gona, gida, gona, ga tarin taki an jibge a saura yana jiran damina. A tsayawa ta uku wasu dattawa biyu suka shigo da kaji a hannu, suka zauna a gabanta, suka ci gaba da zancen da suka taho da shi.

"Ni dai na ce tsufa ne. Ɗan'auta ya daɗe yana gyaran keke, amma ido ya fara tafiya."

"Tsufa ko ganganci? Ya huda wa mutum rim kamar bakin rijiya. Da a kan kwalta Malam Hashimu ya faɗi, da yanzu zaman makoki muke yi."

"Allah Ya kiyaye gaba. Ni dai nawa keken wani wurin zan riƙa kai shi."

Malam Hashimu mahaifinta ne. Kuma ba Ɗan'auta ne ya huda rim ɗin, wato ƙarfen ƙafar keken, ba.

Ita ta kawo keken gidan. Shekara biyu ta yi a Kano tana karatun gyaran injuna, ita kaɗai mace a ajinsu. Ta sha jin "ke, matsa kar ki ɓata lallenki", ta sha a miƙa mata tsumma ta goge mai, maza na riƙe da sifana. Ba ta taɓa yin kuka a gaban kowa ba, kuma da sakamako ya fito mutum biyu ne kawai a gabanta. Ranar da ta dawo ƙauye, ta dawo da keken Baljiyam mai giya, irin wanda aka ƙera don hawan duwatsu, mai faffaɗar taya, domin tsohon keken mahaifinta ya gaji da hanyar Watari, inda yake noman albasa da rani. Wata biyu dattijon ya yi yana hawansa, yana canza giya a gaban masallaci ko da babu tudu.

Sai tiyub ɗin gaba ya mutu, irin mutuwar da faci ba ya tayarwa. Nan matsalar ta fito. Bawul ɗin keken, wato bakin da ake buga iska ta cikinsa, siriri ne kamar tsinke, hujin da aka yi masa a jikin rim shi ma ɗan tsukuku. Duk tiyub ɗin da ke Tsanyawa da Ɗanbatta kuwa mai kaurin bawul ne irin na babur, ba ya shiga. Ranar kasuwar da ta wuce Malam Hashimu ya kai ƙafar wurin Ɗan'auta, abokinsa tun suna kiwon awaki, kowa ya gan ta rataye a rumfarsa. Ɗan'auta ya ce sai an faɗaɗa hujin, kuma da magagari zai ci shi kaɗan-kaɗan yana gwadawa, a dawo jibi.

Jibi! Safara'u ta ji kalmar kamar zagi. Washegari da safe, kasuwa babu kowa sai awaki, ta je ta same shi.

"Baba, kwana biyu a kan huji ɗaya? Aikin minti ɗaya ne da inji."

"Wannan ba irin ƙarfenmu ba ne, alminiyam ne. Ba ya son a yi masa tsawa."

"Na karanta shi, Baba. Wannan ba keken zamaninku ba ne."

Ya dube ta, ya sauko da ƙafar, ya miƙa mata da hannu biyu. "To. Ki dai sa yatsa ta ciki in kin gama."

Ta san faɗin hujin da ake buƙata: milimita takwas da rabi. A akwatin injin hudarta mai batir kuwa, bakin da ya rage biyu ne, shida da goma. Ta daɗe tsugune a tsakar gida tana kallonsu. Ko ta tafi Kano neman baki, ko ta koma wa tsohon da ta gama faɗa wa magana. Ta ɗauki goma. Bakin ya cafki rim ɗin, ya fizge, ya shige. Ta goge saman da sanfefa har ya yi sheƙi, ba ta sa yatsa ta ciki ba. Tayar ta sha iska ta tsaya ƙyam, mahaifinta ya sa mata albarka har sau uku.

Kwana uku tsakani, yana gangarowa daga gadar hanyar ruwa da buhun taki a baya, tayar gaba ta fashe. Ƙashin hannunsa na dama ya tsage, gefen fuskarsa ya ɗaye. Manoman da suka ɗaga shi suka ga bawul na lilo a cikin ƙaton huji, suka tambayi wanda ya yi aikin. Ya ce, "Ƙaddara ce." Su kuma suka tuna inda suka ga ƙafar a rataye.

Da safen nan, tana shirin fita, mahaifiyarta Inna Kulu ta tare ta a bakin zaure.

"Babanki ya ce ki kai wa Ɗan'auta ƙafar, ki gaishe shi, ki dawo. Bai ce ki yi magana ba."

"Inna, kin ji abin da ake cewa a kansa?"

"Na ji. Sau nawa mutanen nan suka zauna kafin su yarda da ke? Sau uku. Ki rufe bakinki kamar yadda babanki ya rufe nasa."

Ƙungiyar manoman ɓangarensu take nufi. Bayan doguwar gardama sun amince su gwada Safara'u da gyaran injunan ban-ruwansu daga mako mai zuwa. Shugabansu, Alhaji Kolo, dillalin albasa wanda kakanninsa suka zo daga Borno, shi ya tsaya mata. A duk faɗin yankin, wannan ne kaɗai aikin da ya yi kama da abin da ta karanta.

Ta sauka a tasha da hantsi, ta ratsa layin 'yan hatsi da na masu tukwane. Rumfar Ɗan'auta na ƙarƙashin darbejiya. Duk ranar kasuwa kekuna kan yi layi a gabanta, ƙafafu a sama. Yau biyu ne kacal. Can tsallaken hanya, wurin wani sabon mai faci, har an rasa inda za a jingine keke. Bencin Ɗan'auta dai cike yake, amma da 'yan kallo.

Tsohon na zaune a kan wata tsohuwar tayar mota, yana tsoma tiyub a kwanon ruwa yana neman inda kumfa za ta fito. Sunan auta ya bi shi har furfura.

"Ɗan'auta, tsakani da Allah, da taɓarya ka huda shi?"

"A'a, so ya yi Malam Hashimu ya samu wurin ajiye goro."

Ɗan'auta bai ɗago ba. "Hannu ne," in ji shi. "Wata rana ya daidaita, wata rana ya kauce."

Safara'u ta tsaya cak a bayan bencin. Ta zaci za ta same shi yana musu yana rantse-rantse. Tun daga gida ta shirya wa fushinsa. Wannan ne ba ta shirya masa ba.

Wani mutum ya tashi ya juyo ɗaya daga cikin kekunan biyu ya tsayar da shi. "Ka yi haƙuri, Baba, ni ina da ƙananan yara." Ya tura shi ya tsallaka hanya.

Ta zagayo ta durƙusa. "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Yana gaishe ka."

"Ina amsawa. Ajiye ta nan ki tafi abinki, zan aiko da ita."

Da ta tafi a lokacin, da shi ke nan. Har ta jingine ƙafar ta miƙe, sai ga muryar Alhaji Kolo daga ƙarshen bencin.

"A'a, Injiniya! Tsaya mana, Allah ne Ya kawo ki." Ya taso yana gyara babbar rigarsa, ya ɗauki ƙafar ya ɗaga ta sama kowa ya gani. "Jama'a, ga wadda nake gaya muku. Wasunku sun ce mace ba ta san ƙarfe ba. To ku saurara. Safara'u, dubi aikin nan ki gaya mana a ilmance, me aka yi ba daidai ba?"

"Alhaji, bar yarinya ta tafi, ana jiranta a gida," in ji Ɗan'auta.

"Kai dai yi shiru ka ƙaru."

Ta karɓi ƙafar. Da ta buɗe baki, muryar aji ce ta fito, wadda take amsa tambayar malamai da ita.

"Bawul mai kauri hujin milimita takwas da rabi yake so. Wannan goma ne. Bawul ɗin ba ya zama daram, rawa yake yi, duk juyin da taya ta yi sai ya ja tiyub."

"Kun ji ko?" in ji Alhaji Kolo.

"Sannan ba a goge ta ciki ba. Akwai ƙayoyin alminiyam da suka tashi a gefen. Iska na tura tiyub kansu, nauyi na dannawa, har suka yanke gindin bawul ɗin."

"Allahu Akbar! Ilimi!" wani ya ce. "Ka ji, Ɗan'auta? Shekara arba'in kana yi, yarinya ta karanta maka laifinka kamar wasiƙa."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Na ji. Gaskiya ta faɗa."

Abin da ta yi shekara biyu tana nema ke nan: maza a jere a benci, tana maganar ƙarfe suna gyaɗa kai. Ga shi ta samu, a kan bayan tsoho. Ta dubi hannayensa a cikin kwanon ruwan, baƙaƙe, duk sun tsattsage. Ba su daina laluben tiyub ɗin ba.

"Ban gama ba," ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ta ɗaga ta da ƙarfin hali. "Ku dubi gefen nan da ya yage. Magagari ba ya yin haka. Bakin inji ne ya fizge shi. Baba Ɗan'auta kuwa ba shi da injin huda."

Ta nuna musu gefen da yatsa, ta ci gaba.

"Ni ke da shi. Ni na zo na karɓe ta daga hannunsa tun bai taɓa ta ba, na gaya masa bai san keken zamani ba. Ni na huda. Ya ce in sa yatsa ta ciki, ban sa ba."

Ana jin mai rake yana kiran masu saye daga can nesa. Sai wani ya fashe da dariya, ta bi bencin kamar wutar kara.

"Tabɗi! 'Yar cikinsa!"

"Wannan ce za ta buɗe mana injin ruwa? Ashe guga za mu koma."

"Karatun ke nan? Gara ni da ban je ba, ban karya ubana ba."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Wuyanta ne kaɗai abin da ya rage mata, ta riƙe shi a miƙe, duk da idanunta na yi mata zafi kamar an watsa barkono.

Alhaji Kolo bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi nauyi. "A gaban mutum talatin na tsaya miki," ya ce a hankali.

"Na sani, Alhaji."

"Sai mun sake zama." Ya juya wurin tsohon. "Ɗan'auta, ka yafe mana, mun ci namanka."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Alhajin ya tafi bai ƙara kallon inda take ba. Cikin ɗan lokaci bencin ya zama wayam, kowa na son ya riga wani kai labarin cikin kasuwa.

Ɗan'auta ya cire tiyub ɗin daga ruwa, ya rataye shi, ya goge hannu a gaban rigarsa.

"Wa ya aike ki?"

"Baba..."

"Na ce wa ya aike ki? Ni tun ba a haife ki ba ake zagina a kasuwar nan. Taya ta sace, Ɗan'auta. Sarƙa ta tsinke, Ɗan'auta. Kasuwa biyu, uku, su manta su dawo, domin wancan na tsallake ko sholisho bai iya shafawa ba. Ke fa? Ke ba za su manta ba. Har ki aurar da 'yarki ana ba da labarin nan. Ni da ubanki ba mu yi shawara ba, amma kowannenmu ya san abin da ya sa ya yi shiru. Kin zo kin zubar a ƙasa."

"Ba zan iya cin abinci da sunanka ba, Baba."

"Girman kai ya sa kika huda, girman kai ya sa kika faɗa."

Ba ta da tabbacin cewa ba gaskiya ya faɗa ba.

Ya ja ƙafar gabansa, ya zare tayar da ƙarfe biyu, ya fitar da mataccen tiyub ɗin. "Kawo hannunki." Ya kama yatsarta ya zura a hujin ta ciki, ya zagaya da ita. Ta ji haƙoran, ƙanana, masu kaifi kamar bakin gwangwani. Da ta zaro, ɗigon jini ya tsatso a kan yatsar. Ta goge a gefen hijabinta.

"Riƙe min nan."

Ta tsuguna ta riƙe rim ɗin tsakanin gwiwoyinta. Ya ɗauko siririn magagari ya shiga cin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ci, ya hure, ya shafa, ya sake ci. Masu wucewa na rage tafiya suna kallonta, wasu na nuna ta da baki. Wasu 'yan mata masu tallan gyaɗa suka tsaya suna ƙus-ƙus. Ta kafe idonta a kan magagarin. Da gefen ya yi sumul, sai ya yanko ɗan faifai daga tsohon tiyub na babur mai kauri, ya huda tsakiyarsa daidai kaurin bawul, ya zura sabon bawul a ciki, yadda robar za ta toshe ratar ta kare gindinsa. Ta waje ya sa washa, ya ɗaura noti, bai matse sosai ba.

"Abin da aka cire ba ya komawa," ya ce yana buga iska. "Amma zai riƙe. Ki ce masa kada ya ƙara ɗora masa buhu."

Suna cikin haka mutumin ɗazu mai ƙananan yara ya tsallako hanya yana tura kekensa. Ya kifa shi a inda ya ɗauke shi, yana sosa ƙeya. "Layin can ya yi tsawo."

"Ai kuwa," in ji Ɗan'auta.

Labarin ya riga ta isa gida. Da ta yi sallama da la'asar, Inna Kulu ta amsa daga bakin turmi ba ta juyo ba, ta ci gaba da daka da ƙarfin da ya fi na gero. Malam Hashimu na zaune a tabarma a zaure, hannun dama a ɗaure cikin karan ɗori, gefen fuskarsa ya yi ɓawo. Safara'u ta durƙusa ta ajiye ƙafar keken a gabansa.

"An ce kin yi wa'azi a kasuwa."

"Ka yafe mini, Baba. Hannunka..."

"Hannu zai warke."

Ya jawo ƙafar da hagu, ya danna tayar da babban yatsa, ya girgiza bawul ɗin bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon washar.

"Me Kolo ya ce?"

"Ya ce sai sun sake zama."

"To." Ya numfasa. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ta yi laifi ba. Ya jingine ƙafar da bango. "Gobe layinmu ne na ruwa. In aka saki ruwa ba a buɗe wa albasar nan ba, sai bayan kwana shida, ita kuwa ba za ta kai ba. Zan aika a roƙi maƙwabcin gona ya taimaka in ya gama tasa."

"Ni zan je."

Ya ɗago ya dube ta. "Duk suna can gobe. Kolo, da waɗanda suka yi dariya yau, da waɗanda ba su samu yi ba."

"Na sani."

"Ba inji za su ba ki ba. Fartanya ce da taɓo, kuma a gabansu."

Dakan Inna Kulu ya tsaya. Safara'u ta ji kunyar tana nan inda take, ba ta ragu ko kaɗan ba, kuma ta san gobe da ita za ta tashi, da ita za ta shiga mota, da ita za ta tsaya a bakin hanyar ruwa.

"Ƙarfe nawa ake sakin ruwan?"

Ya gyara zaman hannunsa da ke ɗaure.

"Bakwai," ya ce. "Ki fara da fangalin da ke can ƙarshe, shi ruwa ke wahalar kaiwa."

Ta tashi ta shiga cikin gida neman fartanyarsa.